Daga Guzurin Fatake zuwa Ɗanyen Kifin Japan

A bara wani taron ƙara wa juna sani ya kai mu Abuja, mu malamai huɗu daga ƙasar Faskari. Daren da za mu juyo gida sai wani tsohon ɗalibinmu ya ce lallai sai ya karrama mu, ya kwashe mu zuwa wani gidan abinci inda ake sayar da sushi, wato 'yar lomar shinkafa mai ɗan tsami wadda Japanawa kan ɗora wa yankan ɗanyen kifi. Aka ajiye farantin, muka yi tsuru-tsuru, mu da a Ruwan Godiya ko kifin banda sai ya sha wuta a miya kafin a kai shi baki.

Amma ba kifin kaɗai ya ɗaure mana hannu ba. Mun tashi mun tarar cewa magidanci ba ya zama ya ci abinci a kasuwar garinsu, don kada a ce ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ko kuwa uwargida ta yi yaji. Tafiya ce kaɗai ke ɗauke wa Bahaushe wannan kunya, kuma a kan hanya ne sana'ar ciyar da baƙo ta girma.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni tsakanin Kano da Salaga, saboda haka guzurinsu shi ne abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar kilishi da dakuwa da garin gero. In ayari ya sauka a zango, matan gari su fito da fura da nono da tuwo, a yi ciniki, a birni kuma fatoma ya ba su masauki. Da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau har ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, sai zango ya fara komawa tasha. Daga baya mota ta gaje ta, masu tuwo-tuwo da masu tsire da mai shayi suka kafa rumfuna a Sheme da 'Yankara. Abin mamaki, jaruman littattafanmu na soyayya kullum a manyan otal-otal suke cin abinci, da wuya a ga marubucin da ya zaunar da nasa a bencin mai tuwo.

To, ashe shi ma sushi ɗan'uwan kilishi ne. Asalinsa dabarar adana kifi ce daga kudu maso gabashin Asiya: a sa wa kifi gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa har ta yi tsami, bayan watanni a zubar da shinkafar a ci kifin. Sai wajen shekarun 1820, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, aka yayata irin wanda aka ajiye mana, kuma Hanaya Yohei ake jingina wa wannan. A rumfunan bakin titi ake sayar da shi ga leburori da baƙi masu sauri, a tsaye suke ci, da hannu. Girgizar ƙasar 1923 ta tarwatsa masu sana'ar zuwa sauran garuruwan Japan, su ma suka tafi da ita. Da muka ji batun cin da hannu, sai muka ture tsinkayen nan biyu, muka yi bisimilla. Biyu daga cikinmu sun ƙara, biyu kuwa sun ce a kai kasuwa.

Nasu abincin matafiya ya zagaye duniya, namu kuwa hanyar da ke riƙe da shi ce ta shiga wani hali. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama na yankin. An ɗage dokar daga baya, amma direban da ya saba tsayawa da magariba ya ci tuwo ya koyi wucewa tun rana na sama. Washegari da muka iso Sheme da la'asar, mun leƙa rumfar da muka saba cin waina tun muna ɗalibai. Tandar na nan a kife, mai ita kuwa an ce ta koma Funtuwa wajen ɗanta.