Matan da Suka Hana a Binne Star Trek

Ranar 8 ga Satumba 1966 gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Star Trek. Labarin wani jirgi ne, Enterprise, da ke ratsa sararin samaniya daga wannan duniya zuwa waccan a wani zamani mai zuwa, ɗauke da ma'aikata daga jinsi daban-daban. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Desilu na shahararriyar 'yar wasan barkwanci Lucille Ball ya shirya shi. Shekara uku kacal ya yi, kashi 79, aka dakatar da shi. A al'adar talabijin ta wancan lokaci, shirin da ya faɗi haka ya tafi ke nan. Wannan kam bai tafi ba, domin masu kallonsa sun ƙi yarda, kuma akasarin waɗanda suka ja ragamar wannan turjiya mata ne.

Tun farko ba a buɗe wa mata ƙofa sosai a shirin ba. A kashin gwaji na farko, Roddenberry ya sa Majel Barrett a matsayin mataimakiyar kyaftin, wato ta biyu a jirgin gaba ɗaya. NBC ta ƙi wannan gwaji, kuma da aka sake shiri, wannan muƙami ya koma hannun namiji. Ɗaya daga cikin manyan marubutan shirin, Dorothy Fontana, ta riƙa sa hannu da D.C. Fontana, don kada a yi wa rubutunta hukunci tun kafin a karanta. Amma mace ɗaya ta samu kujera a ɗakin tuƙin jirgin: Laftanar Uhura, jami'ar sadarwa, wadda Nichelle Nichols ta fito a matsayinta. Baƙar fata ce, a shekarun da ba a daɗe da kafa dokar hana wariyar launin fata ta 1964 ba, kuma a lokacin da talabijin ba ta cika nuna mace baƙa ba sai a matsayin 'yar aikin gida.

Nichols kanta ta so ta ajiye aikin bayan zangon farko, ta koma wasan dandamali da waƙa, inda zuciyarta take. Kamar yadda ta sha ba da labari, a wani taron tara kuɗi na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, aka ce mata wani mai son shirin yana neman ganinta. Da ta juya, sai ga Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙe. Ya shaida mata cewa wannan ne shirin da shi da matarsa Coretta suke barin 'ya'yansu su yi dare suna kallo, ya kuma roƙe ta kada ta bar kujerar, domin a karon farko duniya na ganin baƙaƙe yadda ya kamata a gan su. Ta janye takardar barin aikin.

A ɗaya ɓangaren allon kuma, masu kallo ba su tsaya ga kallo kawai ba. A Satumban 1967 wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, wadda aka buga da tafireta aka gurza a inji. A ciki akwai labarai da waƙoƙi da zane-zane da masu kallo suka yi da kansu a kan taurarin shirin. Daga ita sai irinta suka yi ta ɓullowa, ana aikawa ta gidan waya, ana sayarwa a kan kuɗin takarda da tawada kawai. Mafi yawan marubutan mata ne: ma'aikatan laburare, malaman makaranta, sakatarori, matan aure. Abin da shirin ya taƙaita, su suka faɗaɗa shi. Sun rubuta yarintar Spock, ɗaya daga cikin taurarin shirin, sun shiga zukatan ma'aikatan jirgin, sun ba mata muƙaman da talabijin ta hana su. Al'adar nan ta mai kallo ya ɗauki taurarin wani shiri ya ƙirƙira musu sabon labari, wadda ta cika intanet a yau, a waɗannan takardu ta yi ƙarfi.

Ƙarshen 1967 aka fara raɗe-raɗin cewa NBC za ta soke shirin saboda ƙarancin masu kallo. Nan ne Bjo Trimble da mijinta John, mazauna Kalifoniya, suka tashi tsaye. Sun tattara adireshin masu son labaran kimiyya, suka aika wa kowa takarda da roƙon ya rubuta wa NBC, ya kuma sa wasu mutum goma su rubuta. Bjo ta san yadda ofisoshi ke aiki, don haka ta tsara dokoki: a rubuta cikin ladabi, kowa da kalmominsa, kuma kada a sa sunan shirin a bayan ambulan, domin in an sa za a tura wasiƙar ga masu shirya wasan ba tare da manyan NBC sun buɗe ba. Wasiƙu suka yi ta kwarara, dubbai a kan dubbai. A Janairun 1968 ɗaliban jami'ar Caltech suka yi tattaki da kwalaye zuwa ofishin NBC da ke Burbank. Ranar 1 ga Maris gidan talabijin ɗin ya sanar kai tsaye cewa shirin zai ci gaba.

Nasarar ta zo da ƙaya. An rage kuɗin shirin, an mayar da shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. Kashi na ƙarshe ya fita ranar 3 ga Yuni 1969, makonni kaɗan kafin kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata. Sai dai wannan zango na uku shi ne ya sa yawan kashin ya isa a sayar wa ƙananan tashoshi su riƙa maimaitawa kullum da yamma, kuma a wannan maimaici ne shirin ya samu jama'ar da bai taɓa samu ba.

A Janairun 1972 wani kwamiti da ya haɗa da Joan Winston da Devra Langsam ya shirya taron masoya shirin a otal ɗin Statler Hilton da ke New York. Sun yi lissafin mutum ɗari biyar. Kimanin dubu uku suka zo. Daga nan taruka suka zama al'ada ta shekara-shekara, da ɗinka kayan taurari da hannu, da cinikin mujallu, da zama da 'yan wasa ido da ido.

Da suka ga wasiƙa na aiki, sai suka juya ta ga gwamnati. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi niyyar raɗa wa kumbonta na farko mai zuwa ya dawo suna Constitution. Wasiƙun masu kallo suka isa Fadar White House, Shugaba Gerald Ford ya amince a sa masa Enterprise. Ranar 17 ga Satumba 1976 aka fito da shi a Palmdale, Roddenberry da yawancin 'yan wasan suna tsaye a gefensa. Kumbon bai taɓa fita sararin samaniya ba, a gwajin sauka aka yi amfani da shi, amma daga ranar NASA ta gane cewa tana da abokai a cikin masoya shirin.

Nichols ta yi amfani da wannan dama. Duk mutum goma sha biyun da suka taka wata maza ne farare, kuma ta fito fili ta soki hukumar a kan haka. NASA ta ce ta zo ta taimaka. A 1977 ta yi watanni tana zagaya jami'o'i da tarukan injiniyoyi, tana kiran mata da baƙaƙe su nemi aikin 'yan sama-jannati. An samu takardun nema fiye da 8,000. Cikin mutum 35 da aka ɗauka a 1978 akwai mata shida da baƙaƙen maza uku. Daga cikinsu Sally Ride ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya a 1983, shekara ashirin bayan Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet, Guion Bluford kuma ya zama Ba'amurke baƙar fata na farko da ya je a wannan shekarar. Judith Resnik da Ronald McNair, 'yan wannan ɗauka, suna cikin waɗanda suka rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986.

Akwai kuma yaran da suka girma suna kallon Uhura. Mae Jemison, wadda ta tashi a Chicago, ta zama likita, ta yi aikin lafiya a Saliyo da Laberiya, sannan a Satumban 1992 ta hau kumbon Endeavour, mace baƙa ta farko a sararin samaniya. Ta sha faɗin cewa Uhura na cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa, kuma a 1993 ta fito a wani kashi na sabon Star Trek. Whoopi Goldberg ma, da ta riga ta yi suna a fina-finai, ita da kanta ta nemi a ba ta gurbi a shirin saboda wannan dalili.

Kujerar da aka hana mace a gwajin farko ta samu a 1995, har da ƙari, lokacin da Kate Mulgrew ta fito a matsayin Kyaftin Janeway, shugabar jirgin Voyager. A Afrilun 2015 'yar sama-jannatin Italiya Samantha Cristoforetti ta sa irin rigar Janeway ta ɗauki hoto a cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Nichelle Nichols ta rasu ranar 30 ga Yuli 2022 tana da shekara 89. Wata biyu bayan haka aka miƙa wa Cristoforetti jagorancin tashar, mace ta farko daga Turai da ta riƙe wannan muƙami.