Littafin da ya kamata a tarar a duk inda ake sayar da magani mai bugarwa

Jama'a, duk sanda aka kama kwalayen tiramadol a hanyar Illela zuwa Konni, sai ka ji ana ta cewa a tsananta hukunci, a rufe boda. To mu da ke Kalmalo da kewaye mun ga boda a rufe har sau biyu cikin 'yan shekarun nan: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Shinkafa ta yi tsada, kasuwa ta kwanta, amma ƙwaya ba ta yanke a hannun matasa ba. Shi ya sa nake so mu waiwayi tarihin dokar magunguna, mu ga abin da aka gina ta a kai tun farko.

Asalinta littafi ne da alƙalami. A 1851 Ingila ta yi doka a kan gubar asinik, saboda yawan kashe mutane da ita. Dokar ta ce duk mai sayarwa sai ya rubuta sunan mai saye, da yawan abin da ya saya, da dalilinsa, a sa hannu. A 1868 aka ƙara wasu magunguna, har da ofiyom. A 1912 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar ofiyom a birnin Hague, sannan a 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa wa Najeriya tata dokar ta magunguna masu haɗari. Yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 duk a kan wannan turbar suka biyo.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Likita ya rubuta takarda mai ɗauke da sunan mara lafiya, sunan magani, ƙarfinsa, adadinsa, kwanan wata da sa hannunsa. Famasis ya karɓi takardar ya adana, ya shigar a rajista, maganin kuma yana kulle a kabad. Ran da mai bincike ya zo, lissafi ne kawai: kwali nawa ya shigo, nawa ya fita, wa aka ba, nawa ya rage. In lissafi bai tashi daidai ba, an san wanda za a riƙe.

Da sojoji suka hau mulki sai hankali ya koma kan bulala. Dokar wiwi ta 1966 ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta. Doka ta 20 ta 1984, zamanin Janar Buhari, ta sa kisa ga masu safarar hodar iblis, kuma a ranar 10 ga Afrilun 1985 aka harbe matasa uku a Kirikiri da ke Legas. A 1989 aka kafa NDLEA, a 1993 aka kafa NAFDAC. Duk ido yana kan filin jirgin sama da gonakin wiwi, alhali matsalar da za ta fi cin yaranmu tana shigowa ta ƙofar shagon magani.

Ku duba tiramadol. A Jamus aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 1977, maganin ciwo ne na gaskiya. Ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade, don haka shigo da shi daga Indiya bai yi wuya ba. NAFDAC ta amince da miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ake kamawa sai ka ga 200, 225, har 250. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya jure zirga-zirga, mai noman rani a bakin tafki ya sha don kada ya ji gajiya, a ƙarshe jiki ya saba, wani har farfaɗiya.

Kodin ma haka. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna yadda maganin tari ke fita daga hannun ma'aikatan kamfani zuwa kasuwar bayan fage, sannan washegari gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Kun ga, kodin ba ta boda ya shigo ba. A cikin gida aka yi shi, rajistar ce babu mai dubawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, aka fitar a 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin suke sha.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba: mara lafiya na gaskiya. Mai ciwon daji ko mai sikila da ke buƙatar mofin, ma'aikatar lafiya ta tarayya ce kaɗai ke shigo da shi, kuma galibi sai a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ake sa ran samu. Wato mai neman buguwa yana samu a tsallaken titi, mai kukan ciwo sai ya yi tafiya zuwa Sakkwato. Inda rajista ke aiki, likita ba ya tsoron rubutawa, mai shago kuma ba ya iya ɓoyewa.

Abin da ya rage namu: lasisin mai kyamis bai ba shi izinin sayar da tiramadol ko allurar fentazosin ba, maganin da ba ya buƙatar takardar likita kawai aka yarje masa. Hukumar kula da sana'ar famasi, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke da alhakin duba shaguna. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa na da hakkin su nemi a riƙa zuwa dubawa a ƙauyukanmu, su kuma nemi a turo famasis asibitocin ƙaramar hukuma. Mu ma mu daina aiken yaro ya sayo "mai ƙarfin nan" ba tare da takarda ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.