Ƙa'idojin ɗora manhajoji a rassan Debian

Ƙa'idojin ɗora manhajoji a rassan Debian su ne dokokin da ke fayyace wanda ke da izinin saka sabon ƙunshin manhaja a rumbun Debian, da reshen da zai saka shi, da kuma sharuɗan da ƙunshin zai cika kafin ya isa ga jama'a. Debian babbar manhaja ce ta Linux wadda Ian Murdock ya kafa a shekarar 1993, kuma 'yan sa-kai ne ke tafiyar da ita.

Rassa

Manyan rassan uku ne: unstable, testing da stable. Kusan kowane sabon aiki ta unstable yake shiga. Ana kiran wannan reshe da suna sid, sunan yaron nan mai lalata kayan wasa a fim ɗin Toy Story, kuma sunan ya dace da shi. Reshen stable shi ne wanda ake girkawa a kwamfutocin ofisoshi da sabobin intanet.

Sai wanda mabuɗinsa na OpenPGP yake cikin kundin mabuɗan Debian ne zai iya ɗora ƙunshi, kuma dole ya sa masa hannu da wannan mabuɗi. Ƙunshin da bai taɓa shiga rumbun ba yana jira a layin NEW har masu kula da rumbun su duba lasisinsa.

Daga unstable zuwa testing

A ƙa'ida ba a ɗora abu kai tsaye a testing. Wata manhaja mai suna britney ce ke tsallakar da ƙunshi bayan ya kwana biyu, biyar ko goma a unstable, gwargwadon gaggawarsa. Ba za ta tsallakar da shi ba idan ya zo da sabuwar babbar matsala, ko ya kasa ginuwa a nau'in kwamfutocin da a da yake ginuwa a kansu, ko kuma zuwansa zai hana girka wasu manhajoji.

Idan fitar da sabon bugu ta matso, ana daskarar da testing mataki-mataki. Daskarewar Debian 12 ta fara ne a watan Janairu 2023, aka fitar da bugun ranar 10 ga Yuni. A matakin ƙarshe babu abin da ke wucewa sai da amincewar kwamitin fitarwa.

Gyara a stable

Nan ne dokar ta fi tsanani. Mai gyara yakan aika wa kwamitin fitarwa bambancin tsohon ƙunshi da sabo, layi bayan layi, kuma ana so gyaran ya tsaya ga matsalar kaɗai. Idan an amince, ƙunshin yana zama a proposed-updates har zuwa ƙaramin bugu na gaba, wanda ke fitowa kusan duk wata biyu. Gyaran tsaro kuwa yana da nasa kwamiti da nasa rumbu.

Masu suka na cewa wannan tsari yana barin mutane da tsofaffin manhajoji. Amma a watan Maris 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar xz, gurɓataccen bugun ya riga ya shiga unstable da testing, bai kai stable ba. Jinkirin ba ya kama komai: wani kuskure da aka shigar cikin OpenSSL na Debian a 2006 ya wuce har stable, yana samar da mabuɗai masu sauƙin cankewa, ba a gano shi ba sai a watan Mayu 2008.