Hancin Ƙwaro da Rumbun Manomin Daura

Manomin Babban Mutum, can ƙasar Ɓaure a bakin iyaka da Magarya, ya daɗe da lura cewa ƙwaro yana bin ƙanshi ya tarar da hatsi. Shi ya sa idan kaka ta yi aka kai gero rumbu, ko aka zuba wake a tulu, ake haɗawa da toka, busasshen barkono da ganyen dogon yaro. Akan ce wannan gadon kaka da kakanni ne, amma da sauran magana: dogon yaro baƙo ne. Asalinsa Indiya, a 1928 aka shigo da shi Borno daga Gana, sannan ya bazu har ya cika tituna da shingayen tare hamada na arewacin Katsina. A ganina, karɓar baƙo mai amfani ita ce ainihin al'adar, ba ganyen ba.

A wannan shekara ta 1928 ɗin kuma fara ta taso daga fadamun kogin Neja a Mali ta yau, ta yi sama da shekara goma tana ɓarna a Afirka, har ta taimaka wa yunwar 1931 a yammacin Nijar. Makamin talaka a lokacin kiɗan gwangwani ne, da hayaƙi, da rami. Sai a 1959 Heinrich Schmutterer ya ga fara ta cinye tsirrai a Sudan ta bar dogon yaro, kuma a shekarar Adolf Butenandt ya tace sinadarin da macen malam buɗe littafin siliki ke kiran namiji da shi, bayan ya tara kusan 500,000. A 1999 aka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera masu karɓar wari a ƙahonnin ƙuda. A 2020 ayarin Kang Le a Sin ya nuna cewa fara huɗu ko biyar in sun haɗu sai su fara fitar da wani wari mai kiran sauran, kuma da aka lalata ƙwayar gado guda, OR35, fara ta daina amsa kiran. Farar da suka gwada jinsin farar 1928 ce.

Mai musu zai ce ana yi wa tsofaffi kwalliya da kimiyyar da ba tasu ba. Yana da rabin gaskiya. Toka ba da wari take aiki ba, gurbi take cikewa ta kuma busar da jikin ƙwaro. Ɗacin dogon yaro, wanda aka tace a 1968, ci yake hanawa ya kuma ɓata girma. Buhun PICS da aka gwada a Maraɗi iska yake tsarewa. Amma musun bai rusa komai ba. Manomi bai san sunan sinadari ba, ya dai san cewa ana iya ruɗa ƙwaro a hana shi ɓarna ba tare da an zuba guba a abinci ba, kuma kan wannan turba binciken ya hau.

Musu na biyu ya fi nauyi: tarkon wari ba ya gama annoba. Norwe ta baza tarkuna a dazuzzukanta a ƙarshen shekarun 1970 don ƙwaron ɓawon itace, ta kama ba adadi, amma masana ba su daina jayayya kan rawar da tarkunan suka taka ba. Haka ne. Sai dai aikin tarko na farko gargaɗi ne, kamar yadda ake yi da tsutsar masara tun shigowarta Najeriya a 2016, kuma cibiyar bincike ta ICRISAT a Sadore ta Nijar ta gwada irinsa kan tsutsar karan gero tun shekarun 1990. Tarkon jinsi ɗaya yake kira, da wuya ya taɓa zuma. Feshi kuwa ba ya zaɓe, kuma a ƙasar da ake soya fara a sayar da yaji, farar da aka fesa tana iya ƙarewa a faranti.