Kilomita biyar da rabi: intanet ɗin wayar tarho da bai iso zango ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku da kuke karatu ko bautar ƙasa a Fatakwal, Inugu da Anacha, kullum kukan ɗaya ne: sabis ba ya shiga ɗakin hostal, sai an fito baranda an ɗaga waya sama. To wannan rigima ta nisa ta girme mu. Tun zamanin wayar tarho ta NITEL take.

A shekarar 1999 aka amince da ƙa'idar wata fasaha mai suna ADSL, wadda ke tura intanet mai sauri ta cikin tsohuwar wayar tagulla ta tarho. Dabarar mai sauƙi ce. Muryar mutum ba ta cin fili a layin, iyakarta wajen kilohaz 4, sai aka ɗora intanet a saman filin da ya rage, har zuwa megahaz 1.1. Kana waya, kana burawuzin, babu mai katse wani. Wanda ya saba da tsohon modem mai kukan kyanwa na kilobit 56 sai ga shi da megabit 8. Ingila ta fara sayar da shi a 2000, Afirka ta Kudu a 2002.

Amma fa da sharaɗi. Tagulla tana shanye sigina, kuma wadda ta fi saurin kaɗawa ita ta fi saurin mutuwa a hanya. In gidanku na kusa da ofishin haɗa layuka, ka more. Kana nisa, sauri na zubewa. Da layin ya kai kimanin kilomita biyar da rabi, shi ke nan, murya za ta wuce amma intanet ya tsaya. Ko ADSL2+ da ta zo a 2003 da alƙawarin megabit 24, na kusa-kusa ne kawai ke ganin wannan adadi. Kuma ba nisan da tsuntsu zai tashi ake aunawa ba, tsawon wayar ne da duk kwane-kwanenta. Siririyar waya ta fi kauri asara. Ruwa ya shiga mahaɗa, ta yi tsatsa, nisan ya ƙara gajarta. Ku da kuka san damunar Fatakwal, ku ƙiyasta.

Yanzu ku ɗora wannan awo a kan inda mutanenmu suke zaune. Su ba baƙin jiya ba ne. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Sai dai sana'a ce ke zaɓa wa mutum mazauni. Mai shanu da awaki, mai albasa da tumatir, direban tirela, duk fili suke nema, fili kuwa sai bakin gari. Shi ya sa za ka tarar da su a Gariki ta Awkunanaw a Inugu, da Oyigbo a wajen Fatakwal, da kasuwar shanu ta Lokpanta a kan babban titin Inugu zuwa Fatakwal. Shi kuwa ofishin haɗa layi, inda sakatariya da bankuna suke ake kai shi, ba don kara ake gina shi ba. A ganina, ko da NITEL ta yi lafiya ƙalau, awon nan kaɗai ya isa ya bar yawancin waɗannan wurare a waje.

Na cikin gari fa, irin su mazauna Bida Road a Anacha ko Diobu a Fatakwal? Su nisa bai kashe su ba, layin ne babu. Kafin 2001 duk Najeriya, mai mutum sama da miliyan 100, layukan tarho da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. Ɗan kasuwa mai haya a ɗaki ɗaya ina zai samu? Saƙon gida direban mota ake ba wa, ko a bi layi a shagon buga waya. Ga ɓarayin kebur suna tone tagulla suna sayarwa.

Sai GSM ta shigo. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. NITEL kuwa ta shiga hannu-hannu: Pentascope a 2003, Transcorp a 2006, daga baya ragowarta ta koma ntel a 2016. ADSL bai taɓa zama abin gida-gida a nan ba. Yayyenmu da suka duba sakamakon WAEC a kafe, galibi ta faranti mai kallon tauraron ɗan'adam suka duba, sannan aka koma modem ɗin Starcomms da Multi-Links, sannan 3G.

Masu cewa mun yi tsalle mun wuce zamanin tagulla suna da gaskiya, amma rabi. Ƙasashen da suka yi ADSL sun riƙa gajarta tagullar, suna jawo faiba zuwa akwatin bakin layi, har ta shiga gida. Mu kuwa manyan kebur na teku, Main One da Glo-1, a Legas suka sauka, suka fara aiki a 2010, kuma jawo faiba daga can zuwa unguwa shi ne aikin da har yau bai kammala ba. Abin da ya rage wa mai shago a Gariki da ɗalibi a hostal shi ne ƙarfen sabis, shi ma kuwa siginarsa raguwa take da nisa, bango na cin ta, taron jama'a na raba ta.