Ƙarfin Benci da Tasirinsa a Wasannin Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Ƙarfin benci shi ne yawan 'yan wasan ko-ta-kwana da ƙungiya ke da su, waɗanda za su iya maye gurbin na gaba ba tare da wasa ya lalace ba. Wannan batu yana da nauyi na musamman a jami'o'in Amurka da ke ƙarƙashin hukumar NCAA, domin koci ba shi da damar sayo ɗan wasa a tsakiyar kaka. Da waɗanda ya fara da su zai ƙarasa. Maƙalar ta duba ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ƙwallon kwando, ta hanyar dokokin hukumar da wasu kakanni sanannu.

2.0 Iyakar da doka ta gindaya

Daga 1994, manyan jami'o'i ba sa wuce 'yan ƙwallon ƙafa 85 masu tallafin karatu, ƙwallon kwandon maza kuwa 13. Yarjejeniyar shari'ar House, wadda kotu ta amince da ita a Yunin 2025, ta sauya tsarin ga jami'o'in da suka shiga cikinta: an daina ƙayyade tallafi, aka ƙayyade yawan 'yan wasa, 105 a ƙwallon ƙafa, 15 a kwando.

3.0 Rauni da tsawon kaka

Kakar 2014 ta jami'ar Ohio State ita ce misali mafi bayyana. Jagoran kai harinta, Braxton Miller, ya ji rauni a kafaɗa tun kafin a fara kaka. J.T. Barrett da ya gaje shi ya karye a idon sawu a wasansu da Michigan. Ragamar ta faɗa hannun na uku, Cardale Jones, wanda bai taɓa fara wasa ba. Da shi aka lallasa Wisconsin 59-0, aka doke Alabama, sannan aka ci Oregon 42-20 aka ɗauki kofi. Abin lura a nan shi ne Jones ya shafe shekaru yana atisaye a tsari ɗaya, ya haddace dabarun, ya saba da masu karɓar ƙwallonsa. Ajiye mutum a benci abu ne mai sauƙi. Horar da shi kamar gobe zai shiga fili shi ne aikin.

Florida State ta ga ɗaya ɓangaren a 2023. Ta ci wasanninta 13 duka, amma da jagoran kai harinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga gasar ƙarshe ya tsallake ta, hukuncin da ya yi wa sauran 'yan wasan tsauri ƙwarai. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024, zakara sai da ya buga wasa 16, nauyin da 'yan kaɗan ba za su iya ɗauka ba.

4.0 Ƙwallon kwando

A nan lissafin ya bambanta. Wasa minti 40 ne, laifi biyar ke fitar da mutum, don haka dogon ɗan wasa ɗaya a benci kan ceci ƙungiya. Sai dai yawa ba ya lamunce kofi. A 2015 Kentucky ta riƙa sauya 'yan wasa biyar-biyar a farkon kaka, ta ci wasa 38 a jere, amma Wisconsin ta fitar da ita a kusa da na ƙarshe. Duke, mai 'yan wasa takwas kacal masu tallafi, ita ta ɗauki kofin.

5.0 Wahalar riƙe 'yan benci

Tun 2021 ɗalibi na iya sauya jami'a ya buga nan take, kuma yana iya samun kuɗi da sunansa. Wannan haƙƙinsa ne, amma ya sa gwanin da ke zaman jira ba ya daɗewa. Da ya ga ƙofa a wani wuri sai ya tafi. Ƙananan jami'o'i su suka fi ji a jika, domin su ke rainon ɗan wasa, masu kuɗi su ɗauke shi da zarar ya nuna kansa.