Rashin Fitowa Zaɓe: Ma'anarsa, Dalilansa da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Abin da ake nufi da rashin fitowa zaɓe shi ne mutumin da ya cika sharuɗɗan jefa ƙuri'a ya ƙi yin rajista, ko ya yi rajista ya ƙi karɓar katinsa, ko kuma ya karɓi katin ya zauna a gida ranar zaɓe. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 damar yin rajista domin zaɓen wakilansa. Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'armu mazauna karkara, da dagatai, da masu unguwanni, da kansiloli, da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Yadda lamarin yake a ƙasa

Alƙaluman Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, sun nuna yawan waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa cikin masu rajista kamar haka:

1999: kimanin kashi 52 cikin 100
2003: kimanin kashi 69 cikin 100
2007: kimanin kashi 57 cikin 100
2011: kimanin kashi 54 cikin 100
2015: kimanin kashi 44 cikin 100
2019: kimanin kashi 35 cikin 100
2023: kimanin kashi 27 cikin 100

A zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023, mutane fiye da miliyan 93 ne ke da rajista, fiye da miliyan 87 kuma sun karɓi katinsu, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin fitowa tun da aka koma mulkin farar hula a 1999. A wasu zaɓukan jihohi abin ya fi haka muni, domin a zaɓen gwamnan Anambra na 2021 kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai suka fito.

Ya kamata mu lura da abubuwa biyu game da waɗannan alƙaluma. Na farko, na'urar tantance kati da aka fara aiki da ita a 2015, da na'urar BVAS da aka yi babban zaɓen 2023 da ita, sun rage aringizon ƙuri'u, saboda haka mai yiwuwa alƙaluman shekarun baya sun zarce ainihin waɗanda suka fito. Na biyu, kundin rajista yana ɗauke da sunayen mutanen da suka rasu ko suka ƙaura. Duk da haka, babu shakka masu zama a gida sun fi masu fitowa yawa nesa ba kusa ba.

Dalilan da ke hana jama'a fitowa

1. Yanke ƙauna. Manomin da aka yi wa alƙawarin taki, da rijiyar burtsatse, da gyaran hanya sau uku ko huɗu bai gani ba, yakan ce fitowarsa ba ta da amfani.

2. Rashin amincewa da sakamako. Soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da zarge-zargen maguɗi a zaɓukan da suka biyo baya, sun sa wasu na ganin an riga an yanke wanda zai ci tun kafin a buɗe rumfa.

3. Tsoro. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya ci rayukan ɗaruruwan mutane a jihohin Arewa. Bangar siyasa, da hare-haren 'yan bindiga da suka raba al'ummomi da garuruwansu, suna hana mata da tsofaffi zuwa layi.

4. Ci-rani. Yawanci manyan zaɓuka kan faɗo cikin rani, lokacin da magidanta da samari suka tafi neman kuɗi a birane, makiyaya kuma suka yi nisa da dabbobinsu. Mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa yake, ga shi kuma ana taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe.

5. Matsalolin shiri. Ɗage zaɓe, kamar yadda ya faru a 2019 sa'o'i kaɗan kafin a fara, da makarar ma'aikata da kayan aiki, suna karya gwiwar wanda ya kashe kuɗin mota ya zo. A 2023 ƙarancin takardun kuɗi da na man fetur ya ƙara wa jama'a wahala.

6. Rashin sani. Akwai waɗanda ba su san inda rumfarsu take ba, ko yadda ake sauya wurin rajista, ko yadda ake dangwala wa takarda ba tare da ta lalace ba.

Illar zama a gida

Idan mutane kaɗan suka fito, sayen ƙuri'a yakan yi arha, domin ɗan takara ba ya buƙatar gamsar da gari duka, sai 'yan tsirarun da za su zo. Haka kuma 'yan siyasa suna duba sakamakon kowace mazaɓa, kuma galibi sukan fi kula da ƙauyen da suka san yana fitowa. Garin da bai yi zaɓe ba, muryarsa kan yi rauni a lokacin rabon ayyuka.

Masu cewa ƙuri'a ɗaya ba ta canja komai su tuna da zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, wanda aka ci da ratar ƙuri'a 342, da na Osun na 2018 da aka ci da ratar 482. Wannan adadi bai wuce mutanen ƙauye guda ba.

Har ila yau, wannan 'yanci ba a banza aka same shi ba. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da Malam Aminu Kano.

Gyare-gyaren da aka yi

A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846 domin rage cunkoso da kusanto da rumfa ga jama'a. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta yarda su gudanar da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, abin da ya ƙara wa zaɓen ciyaman da kansila muhimmanci. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, amma da kundin rajistar INEC ake yin sa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga jama'a: mu yi rajista a ofishin INEC na ƙaramar hukuma idan an buɗe, mu karɓi katin da kanmu, kada mu biya ko sisi domin kyauta ne. Wanda ya ƙaura ya nemi a sauya masa rumfa tun da wuri. Kada mu ba kowa katinmu ajiya ko jingina. Magidanta su bar iyalansu su fita, su kuma raka su in da hali. Bayan an gama jefa ƙuri'a, muna da damar tsayawa cikin lumana mu ga an ƙidaya, an kuma manna sakamakon a rumfa.

Ga masu riƙe da muƙamai: dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela a kasuwa da wuraren ibada game da ranakun rajista da na karɓar kati, su kuma taimaka wajen duba sunayen mamata lokacin da aka kafa kundin rajista domin jama'a su gani. Wajibi ne su da ma'aikatan gwamnati su tsaya a kan kira ga fitowa kawai, ba tare da nuna wa kowa wanda zai zaɓa ba. A tabbata an fara sallamar tsofaffi, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da naƙasassu.

Kammalawa

Aikin ɗan ƙasa ba ya ƙarewa da dangwala yatsa. Halartar taron mazaɓa, da tambayar kansila inda aka kwana kan aikin da aka sa a kasafin kuɗi, da shiga kwamitin kula da makaranta ko asibitin gari, duk ɓangare ne na wannan nauyi. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga kowane gida da ya duba katunansa tun yanzu, ya kuma tuna wa maƙwabcinsa.